Jitarka ta yi saiti amma tana ƙarya in ka hau sama: yadda nake gyara ta

Wata Asabar cikin damina wani yaro ɗan Kafanchan ya shigo shagona a Agege, jitar lantarki a baya cikin jaka, ruwa ya yi masa dukan tsiya tun daga tashar mota. Yana kaɗa wa mawaƙa a wata coci da ake sujada da Hausa can wajen Mile 12. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, jitar nan ta haukace. Na saita ta tsaf, tiyuna ya nuna kore a wayoyi shida, amma da na hau sama sai mai kibod ya riƙa hararata." Na karɓa na taɓa wayar G a sake, lafiya lau. Na danne ta a firet na 12, wato na goma sha biyu cikin ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, sai allurar tiyuna, na'urar auna murya, ta zarce dama kamar an koro ta. Na duba bayan jaki, ƙarfen da wayoyi ke hawa kansa, na ga kawunan notuna duk sun cinye, alamar an sha murɗa su da bakin wuƙa. Na ce, "Ƙanena, wa ya yi wannan aika-aika?" Ya sunkuyar da kai.

Ciwon da ke damun jitarsa shi ne abin da masu wannan sana'a ke kira intoneshon. Saiti daban, shi daban. Saiti shi ne ka murɗa kunnuwan jita har wayoyi shida su ba da E, A, D, G, B, E a sake. Intoneshon kuwa shi ne wayar ta ci gaba da faɗin gaskiya a kowane firet, daga na farko har na ƙarshe.

Bari mu daidaita sunaye tukuna, don a Legas kowa da bakinsa. Ƙarfen da wayoyi ke hawa kansa a jikin jita, wanda yara ke ce wa birij, ni jaki nake ce masa, kamar yadda masu goge da garaya ke cewa tun kakanni. A kan jakin akwai ƙananan ƙarafa, kowace waya da nata, su ne sadul. Can sama kuma, inda wuya ya haɗu da kai, akwai ɗan farin abu mai tsaga shida, na ƙashi ko na roba, shi nake kira matashin kai. Tsawon wayar da ke kaɗawa daga matashin kai ne zuwa sadul. A Fender Stratocaster da duk jitocin da aka kwaikwaye ta, inci 25.5 ne, wato milimita 648. A Gibson Les Paul inci 24.75 ne. Firet na 12 yana tsakiya daidai, shi ya sa in ka danne a nan kake samun muryar wayar ta asali amma ta sama, kamar uba da ƙaramin ɗansa suna rera baiti ɗaya.

To amma danna waya ja ne. Duk sanda ka kai ta ƙasa ta taɓa firet ka ɗan ƙara mata ɗauri, muryar ta ɗan hau. Domin a rama wannan ne ake ja da sadul baya kaɗan, wayar ta ƙara tsawo. Waya mai kauri da tauri ta fi bukatar a ja mata baya. Mai goge ba ruwansa da wannan lissafi, in murya ta hau sai ya zame yatsa, shi ke nan. Mu kuwa an kafa mana ƙarafa a wuya, ba su motsi.

Inda mutane ke yin gyaran gangar Auzinawa shi ne su ji ƙarya su ɗauki sukudireba su nufi sadul. Sadul shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa. Maigidana da ya koya mini aiki, wani dattijo Bayarabe da ya yi shekaru yana bin makaɗan juju, in ya ga na miƙa hannu wajen jaki da wuri sai ya buge hannun. Duk abin da ka canza a jita, waya ko wuya ko tsayin waya, yana rusa intoneshon. In ka fara da sadul, sau biyu za ka yi aikin.

Fara da wayoyi. A garin nan mafi yawan jitocin da ake kawo mini da wannan kuka, waya ce kawai ta mutu. Iskar Legas jiƙaƙƙa ce, ga gishirin teku, ga gumin hannu a wajen biki. Sa farcenka a ƙarƙashin wayar G ko B ka ja daga sama zuwa ƙasa. In ka ji kaushi, ko baƙin datti ya taru a farcen, ko ka ji ƴan ramuka daidai inda firet ke taɓa ta, ta gama aiki. Wayar da tsatsa ta ci wani wuri ta bar wani ba ta da nauyi ɗaya a tsawonta, ba kuwa sadul ɗin da zai sa ta faɗi gaskiya.

Sabuwa ma sai an lura. Na taɓa sayen fakiti a hannun wani mai tebur, da sunan babban kamfani a jiki, kuɗin kuma ƙasa da rabin wanda na sani. Kwaɗayi ya ja ni. Na kwashe kusan awa biyu a kan wayar D kaɗai, na kai sadul ƙarshen baya, na dawo da shi ƙarshen gaba, allura na ta rawa. Da na cire ta na murza tsakanin yatsu sai na ji naɗin da ke kanta yana juyawa a sake. Jabu ce. Araha ba ta ado. Tun daga nan, in waya ɗaya tak ta ƙi ji alhali sauran biyar sun yi daidai, ba na gardama da ita, canza ta nake yi.

In ka ɗaura sababbi, ka ja kowace a hankali da yatsu daga tsakiya, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka. Kuma ka tsaya a kan kauri ɗaya. In jitarka ta saba da 9 zuwa 42, wato lambobin kaurin waya daga siririya zuwa mai kauri, ka sa mata 10 zuwa 46, ja ya ƙaru a kan wuya, komai sai an sake shi daga farko.

Sai wuya. Ba a son shi a miƙe sambal, ana son ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba don waya ta sami wurin kaɗawa. Sa kafo, abin nan da ake maƙalawa ya danne wayoyi duka, a firet na 1, danne wayar E mai kauri a firet na ƙarshe, ka leƙa tsakanin wayar da saman firet na 8. Ma'aunin da Fender ke bayarwa a galibin jitocinsu kusan milimita 0.25 ne. Ba sai ka sayi abin awo ba. Guntun da ka yanke daga wayar E siririya mai lamba 10 kaurinsa ke nan daidai. Zura shi a wurin. In ya shige yana ɗan goga, lafiya. In ya shige da fili sama da ƙasa, wuya ya lanƙwashe da yawa. In babu fili ko kaɗan, ya miƙe fiye da kima ko ya koma baya.

A cikin wuya akwai sandar ƙarfe mai noti a bakinta, galibi can wajen kai, ana murɗa ta da alanki. Ɗaurewa, wato murɗawa dama, tana miƙar da wuya. Sassautawa tana barin wayoyi su ja shi gaba. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya. Murɗa, saita wayoyi, je ka sha shayi, dawo ka auna. In ka ji notin ya ƙi motsi, tsaya nan. Garin neman gira kada ka rasa ido, sandar nan in ta karye aikin ya fi ƙarfin shago irin nawa. Alanki kuma ya zama daidai bakin notin, don jitocin Amurka da inci aka yi nasu, na Asiya galibi da milimita, in ka sa wanda ya ɗan yi sako-sako sai ka cinye bakin.

Katako yana shan iska yana fitarwa. Jitar da na daidaita a watan Yuni ba ita ce a watan Janairu ba. Waɗanda ke tafiya gida Kano ko Sakkwato da jitarsu lokacin hunturu sun san wannan, sukan dawo bakin firet ya fito gefe yana yankar hannu saboda katako ya tsuke.

Tsayin waya daga firet ba zan daɗe a kansa ba. A firet na 17, kusan milimita 1.6 shi ne inda ake farawa a jita irin Stratocaster, daga nan kowa da hannunsa. Abin da za ka riƙe shi ne, iya nisan waya daga firet, iya jan da take sha kafin ta taɓa, iya hawan muryarta. Daidaita tsayin yadda kake so yanzu, da ƙananan notuna biyu da ke kan kowane sadul, kada ka sake taɓa su bayan nan.

Matashin kai kuwa shi ne ɓarawon da ba a zargi. Akwai jitar da za ka ga firet na 12 ya yi daidai cif, amma in ka kama kod na D ko na E can ƙasa, wato ka danne wayoyi da yawa ka kaɗa su tare, sai ka ji tsami. Danne waya a firet na 3 ka duba tsakaninta da firet na 1. Ya kamata filin ya zama kamar silin gashi, in ka ɗan taɓa ka ji ƙit. In fili ne sosai, tsagar ba ta yi zurfi ba, kuma duk muryoyin firet na 1 zuwa na 3 za su hau. Jitoci masu araha da yawa haka suke fitowa daga kwali. Wannan ba aikin sadul ba ne, ba kuma aikin reza ko zarto ba ne, akwai ƙananan magagari da aka yi domin shi, kowace waya da nata. Kai wa mai gyara. Abin da za ka iya yi a gida shi ne ka goga bakin fensir a cikin tsagar, don waya ta riƙa zamewa ba tare da maƙalewa ba.

Saura fikof, abin da ke ƙarƙashin wayoyi yana ɗaukar muryarsu ya tura ta cikin igiya. Maganaɗisu ne a cikinsa, in ya matso kusa da waya sai ya riƙa janta tana kaɗawa a karkace. Alamarsa ita ce wayar E mai kauri ta riƙa fitar da murya biyu a sama da firet na 12, allurar tiyuna ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Yara na son ɗaga fikof don ƙara ta ƙaru. Danne waya a firet na ƙarshe, ka tabbata akwai aƙalla milimita 2 tsakaninta da kan maganaɗisun a ɓangaren wayoyi masu kauri. Ni nakan ma sauke na kusa da wuya ƙasa sosai kafin in fara, in na gama in mayar da shi, in sake dubawa.

Yanzu ka isa wurin sadul.

Ka nemi tiyuna wanda ake sa wa igiyar jita kai tsaye, ko aƙalla mai maƙalewa a kai. Na cikin wayar salula yana ji da makirfo ne, a unguwarmu kuwa zai ji janareton maƙwabci da kwandastan danfo yana kiran Oshodi kafin ya ji jitarka. Duba ka ga an bar shi a kan 440, lambar ma'aunin murya da kibod ma ke bi, don yatsa kan taɓa maɓallin a cikin jaka ya koma wata lamba, ka yi ta faɗa da mai kibod a banza.

Ɗora jitar a cinya yadda kake kaɗa ta. Kada ka kwantar da ita a tebur kana aunawa, nauyin wuya kaɗai ya isa ya canza karatu. Zaɓi fikof na kusa da wuya, ka rage ton kaɗan, wato maɓallin kaifin murya, allura ta fi natsuwa a haka. Saita wayar a sake har ta tsaya cak a tsakiya. Sai ka danne a firet na 12 da irin ƙarfin da kake dannawa in kana kiɗa, ba na mai matse lemo ba, ka kaɗa da irin bugun da ka saba. Wasu na gwadawa da hamonik, wato ka ɗora yatsa a kan wayar saitin firet na 12 ba tare da dannawa ba, ka kaɗa ka ɗauke. Duk ɗaya ne, abin da ake so shi ne wanda aka danne ya yi daidai da shi.

In wanda ka danne ya hau, wayar ta yi gajarta, ja sadul baya, nesa da wuya. In ya sauka, ta yi tsawo, tura shi gaba wajen wuya. In ka rikice ka tuna doguwar waya ita ke da murya ta ƙasa. A jaki irin na Stratocaster notin yana can baya, murɗa shi dama yana jawo sadul baya.

Kafin ka murɗa, sassauta wayar. Wannan ne yaron nan bai yi ba, ya riƙa kokawa da noti alhali waya na danne da sadul da dukkan ƙarfinta, har kawunan suka cinye. Sa ƙyalle a bayan jaki don kada sukudireba ya zame ya karce fenti. Rabin zagaye ya isa a fara. Sake saita wayar a sake, sake dannawa a 12, sake dubawa. Kowane murɗi sai an sake saiti, babu gajeriyar hanya. In kana tura sadul gaba, wani lokaci notin ne ke fitowa baya shi kuwa sadul yana nan zaune, saboda ɗan sifirin da ke kan notin ya gaji. Tura shi da yatsa har kan notin ya koma ya zauna. In tsatsa ta kama noti, ɗiga masa man keken ɗinki ka bar shi ya kwana.

In ka gama shida, tsaya ka kalli jakin daga sama. A jita mai wayar G marar naɗi, za ka ga matakala biyu: E siririya a gaba, B bayanta kaɗan, G ta fi su baya, sai D ta dawo gaba, A bayanta, E mai kauri can ƙarshe. In naka ya fita daga wannan tsari da nisa, akwai abin da ka tsallake a baya. Daga nan ka gwada firet na 5 da na 17, ka kama ƴan kod a sama ka saurara da kunnenka.

Ba kowane jaki ke da sauƙin hali ba. Na Les Paul, wanda ake kira Tune-o-matic, notunansa kan kalli wuya a wata jitar, su kalli baya a wata, don haka kada ka haddace dama ko hagu, ido za ka sa a kan sadul ka ga ina ya nufa. Filin tafiyarsa kaɗan ne, amma sadul ɗinsa gefe ɗaya a tsaye yake ɗaya a gangare, in ya ƙure sai a ciro shi a juya a sami ƙarin wuri. Kuma wayoyi ne kaɗai ke riƙe da wannan jakin, in ka cire su duka yakan faɗo, na sha ganin an mayar da shi a juye. Tsohon samfurin Telecaster sadul uku gare shi, waya biyu a kan kowane, sai dai ka raba musu gardama, kowace ta ɗan yi haƙuri, ko ka sayi sadul da aka yi wa gangare na musamman. Floyd Rose kuwa, ranar da ba ka da wurin zuwa za ka taɓa shi. Jakin yana lilo ne tsakanin wayoyi da sifirin ɗin da ke bayan jita, ka taɓa ɗaya sauran biyar su motsa. Ni nakan buɗe murfin baya in cusa guntun katako in tokare shi, in ɗauki hoton sadul da wayar salula kafin in kwance, sannan in sassauta waya sosai, don in ka kwance notin sadul tana ɗaure zai zabura gaba ka rasa inda yake.

Wani lokaci sadul zai kai bango murya ba ta daidaita ba. In E mai kauri ce kuma saura ƙiris, cire sifirin ɗinta ka rage tsawonsa, za ka sami ɗan fili. In kuwa duk wayoyin ne, ɗauko abin awo. Auna daga bakin matashin kai zuwa tsakiyar firet na 12, sannan daga nan zuwa sadul na E siririya. Na biyun ya kamata ya fi na farko da kamar milimita 1 zuwa 2 kawai. In bambancin ya wuce haka sosai, ko an kafa jakin ba a wurinsa ba, ko an sauya wuyan da na wata jita. Wannan na biyun yakan faru da jitocin tokumbo, shi ya sa in zan raka mutum Alaba sayen jita nake sa tef ɗin awo a aljihu. Duba kuma notuna huɗun da ke riƙe da wuya ta baya, da saman firet: in sun baje ko waya ta yi musu rami, wurin da waya ke taɓawa ya gusa, sai an gyara firet ɗin.

Akwai kuma abin da ba gyara ke maganinsa ba. An raba wuyan jita ne yadda kowane firet zai zama taki ɗaya daidai wa daida, taki 12 a koma muryar farko. Wannan rabo shi ke ba ka damar kiɗa a kowane ki, wato ko daga wace murya aka ɗauko waƙa, amma yana da farashi. In aka raba taki ɗaya kashi 100, muryar tsakiya a kod irin su E ko A takan hau da kusan kashi 14 bisa abin da kunne ya fi so. Kibod ma haka yake. Saboda haka in tiyuna ya ce daidai a 12, daidai a 5, daidai a 17, amma har yanzu kana jin ɗan abu a wayar G in ka kama E, ajiye sukudireba. Na ga wanda ya kwana yana neman wannan ɗan abun har ya lalata aikin da ya riga ya yi kyau.

Jitar ɗan Kafanchan dai wayoyinta sun fi wata bakwai a jiki, wuya ya lanƙwashe, notuna uku sai da na canza su. Da na gama na miƙa masa, ya danne G a 12, allura ta sake hawa. Na karɓa na danne, ta tsaya a tsakiya. Ashe da jitar katako ya koya, mai wayoyi masu tauri, hannunsa ya saba da matsa, ga shi wannan firet ɗinta dogaye ne wayoyin kuma lamba 9. Na ce ya sassauta yatsa har wayar ta fara zuza, sannan ya ƙara ɗan ƙarfi kaɗan. Allura ta zauna. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe har da ni a cikin masu laifin." Na ba shi tsohon ƙyalle na ce ya riƙa goge wayoyi sama da ƙasa duk in ya gama kiɗa, kuma in iska ta juya a watan Disamba ya dawo da ita mu sake duba wuyan.